Dillancin Zamani da Lambar Harajin Amurka



1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata lamba wadda Hukumar Tara Haraji ta Amurka, watau IRS, take bai wa masu kasuwanci, da kuma matsayin wannan lamba ga baƙon da yake zaune a ƙasarsa yana yi wa kamfanonin Amurka dillanci ta hanyar intanet. Abin da ya sa batun ya cancanci a zauna a kansa kuwa shi ne, matasa daga Kano da Yamai da Kumasi suna shiga wannan sana'a, kuma tun ranar da suka je yin rajista ake tare su da tambayoyin haraji cikin Ingilishin lauyoyi. Wanda ya amsa ba daidai ba, ana iya zabge masa wani babban kaso na abin da ya samu. Wanda kuma ya yi gaggawar kafa kamfani domin ya mallaki lambar, yana iya jawo wa kansa tarar dala 25,000. Za a duba ma'anar wannan dillanci, da ire-iren lambobin haraji, da wanda yake bukatar lambar, da hanyar samunta, sa'an nan da nauyin da take ɗora wa mai ita.

2. Dillanci da la'ada

Dillanci ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Dillali shi ne mai haɗa mai kaya da mai saye, ba shi da kaya, ba shi da jari, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Dillalin intanet ma haka yake, sai dai kasuwarsa ba ta da rumfa. Kamfani yakan ba shi wani adireshi na musamman mai ɗauke da alamarsa, shi kuma ya sanya shi a shafinsa ko a ƙarƙashin bidiyonsa, yana bayanin amfanin kayan. Duk wanda ya bi ta wannan adireshi ya sayi wani abu, sai na'urar kamfanin ta rubuta wa dillalin la'ada. Kamfanin Amazon ya fara irin wannan tsari a shekarar 1996, kuma yana cikin waɗanda suka yayata shi a duniya.

Inda aka bambanta shi ne wajen biya. A kasuwar Kurmi mai kaya ya san dillalinsa ido da ido. Kamfanin Amurka kuwa doka ta ɗora masa alhakin sanin ko wane ne yake biya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin idan akwai harajin da ya kamata ya cire bai cire ba, shi hukuma za ta bi. Daga nan ne maganar lamba da takardu ta samo asali.

3. Lambobi uku

Akwai lambobi uku da ake yawan ruɗawa, kowace kuwa alƙaluma tara gare ta. Ta farko ita ce SSN, wadda aka fara bayarwa a shekarar 1936, kuma ta 'yan ƙasa ce da waɗanda aka yarje wa yin aiki a Amurka. Ta biyu ita ce ITIN, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1996 domin mutumin da yake da hulɗar haraji da Amurka amma bai cancanci SSN ba. Ana neman ta da fom W-7, tare da shaidar ko shi wane ne, kamar fasfo. Ta uku, wadda ita ce jigon wannan lacca, ita ce EIN, watau lambar shaidar kasuwanci, wadda ake rubutawa da alƙaluma biyu, sai ɗan layi, sai alƙaluma bakwai. Ko da yake sunanta na asali yana nufin lambar mai ɗaukar ma'aikata, kamfanin da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya ma ana ba shi.

Wajibi ne a fahimci iyakar EIN tun da wuri. Suna ce kawai a cikin littafin hukuma. Ba lasisin kasuwanci ba ce, ba ta ba mutum izinin shiga Amurka ko yin aiki a can, ba ta kuma yafe wa kowa haraji.

4. Wane ne yake bukatar ta?

Dokar harajin Amurka, a sassa na 1441 da 1442, ta umarci mai biya ya cire kashi 30 cikin 100 daga wasu nau'o'in kuɗin da ake biyan baƙi, muddin tushen kuɗin Amurka ne. Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce tushe. A bisa sassa na 861 da 862, tushen ladan aiki shi ne wurin da aka yi aikin, ko da a ina mai biya yake zaune. Saboda haka, dillalin da yake zaune a Zariya, yana rubutunsa da tallansa daga can, ba shi da ma'aikaci ko ofis ko na'ura a Amurka, la'adarsa a ƙa'ida tushenta ƙasar waje ne, ba ta shiga cikin abin da ake cire wa kashi 30.

Abin da irin wannan mutum yake bukata shi ne ya cika fom W-8BEN, wanda a ciki yake shaida cewa shi baƙo ne. Idan kuwa kamfaninsa ne na gida, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya ko Nijar ko Gana, fom ɗin da ya dace shi ne W-8BEN-E. A cikin fom ɗin akwai gurbin lambar harajin ƙasar mutum, kamar NIF ta Nijar, ko lambar Katin Gana wadda ta zama lambar haraji tun watan Afrilun 2021. Fom ɗin yana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da aka sa hannu. Alal misali, wanda aka sa wa hannu a watan Mayun 2025 zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2028, sai fa in wani abu daga bayanan mutum ya sake kafin nan. Fom W-9 kuwa na 'yan ƙasa ne da mazauna Amurka, kuma a ƙarƙashin rantsuwa ake sa masa hannu, don haka baƙon da ya cika shi domin neman sauƙi ya yi rantsuwar ƙarya.

Har ila yau akwai wani nau'in kuɗi wanda hukuncinsa daban ne, watau ladan mallakar fasaha, irin wanda marubuci yake samu daga littafinsa ko mai bidiyo daga bidiyonsa. Tushen wannan shi ne wurin da aka yi amfani da fasahar. Shi ya sa tun watan Yunin 2021 kamfanin Google ya fara cire haraji daga abin da masu tashoshin YouTube na ƙasashen waje suke samu daga masu kallo na Amurka. Abin da yake rage wannan kaso shi ne yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da ƙasar da mutum yake zaune. A nahiyar Afirka, Masar da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu suna da irin wannan yarjejeniya. Nijeriya da Nijar da Gana ba su da ita. Ma'anar wannan ita ce, marubucin da yake Kaduna, in littafinsa ya kawo masa ladan dala 1,000 daga masu saye na Amurka, za a cire dala 300 a ba shi 700, ko yana da EIN ko ba shi da ita. Duk wanda ya ce masa ya biya kuɗi a samo masa lamba domin a daina wannan cirewa, to, ya sayar masa da abin da ba zai yi masa aiki ba.

Su wane ne, to, suke bukatar EIN da gaske? Mafi yawa su ne waɗanda suka kafa kamfani a ɗaya daga jihohin Amurka, musamman irin kamfanin nan mai iyakantaccen alhaki da ake kira LLC, wanda jihar Wayomin ta fara yi wa doka a shekarar 1977. Irin wannan kamfani ba ya buɗe asusun banki a can, ba ya kuma miƙa takardun haraji, sai da EIN. Haka kuma kamfanin ƙasar waje da wata doka ta wajabta masa miƙa takardu ga IRS.

5. Hanyar samun lambar

Ana neman EIN da fom SS-4, wanda ake saukewa daga shafin IRS tare da littafin bayaninsa. Hukumar ba ta karɓar ko kwabo. Masu cajin kuɗi a kan wannan aiki ladan cika fom suke karɓa, abin da mutum zai iya yi da kansa.

Hanya mafi sauri ita ce ta intanet, amma an keɓe ta ga wanda cibiyar kasuwancinsa take cikin Amurka kuma yake da SSN ko ITIN. Baƙo yana da hanyoyi uku. Ta farko ita ce wayar tarho, ta wani layi da aka ware wa masu nema daga ƙasashen waje, daga Litinin zuwa Juma'a. Mai kira shi ke biyan kuɗin waya, kuma ya tuna cewa agogon Nijeriya da Nijar yana gaban na gabashin Amurka da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Ya kamata ya cika fom ɗin ya ajiye a gabansa kafin ya kira, domin jami'i zai bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma in an gamsu a nan take ake karanta masa lambar. Ta biyu ita ce aika fom ta na'urar fakis, wadda hukumar ta ƙiyasta wa kwanakin aiki huɗu. Ta uku ita ce ta gidan waya, wadda aka ƙiyasta wa mako huɗu, ban da kwanakin da wasiƙa za ta yi a hanya.

A cikin fom ɗin akwai gurabe da suke bukatar natsuwa. Sunan kamfani tilas ya zo daidai da yadda yake a takardar rajistarsa. A layi na 7 ana neman sunan mai alhakin kamfanin, kuma mutum ake so, mai iko da dukiyar kamfanin da gaske. A inda aka nemi SSN ko ITIN ɗinsa, baƙon da ba shi da ko ɗaya sai ya rubuta kalmar "Foreign", watau baƙo. Wannan yana nuna cewa ba sai mutum ya fara samun ITIN ba kafin a ba kamfaninsa EIN. Bugu da ƙari, lamba ɗaya rak ake bai wa mai alhaki a rana guda.

Bayan an bayar da lambar, hukumar takan aiko da wasiƙar tabbatarwa mai suna CP 575. Sau ɗaya ake buga ta, bankuna kuwa suna yawan tambayar ta, saboda haka a adana ta kamar takardar gida. In ta ɓata, abin da ake iya nema a madadinta shi ne wasiƙa mai lamba 147C. Sabuwar lamba kuma takan ɗauki har mako biyu kafin ta zauna a cikin na'urorin hukumar, shi ya sa wani lokaci kamfani yakan ƙi karɓar ta a kwanakin farko.

6. Nauyin da yake biyo baya

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Tun daga shekarar haraji ta 2017, duk LLC mai mamallaki ɗaya wanda baƙo ne, wajibi ne ya miƙa fom 5472 haɗe da fom 1120 a kowace shekarar da wata hulɗar kuɗi ta shiga tsakaninsa da mai shi. Zuba jari a cikin kamfanin hulɗa ce, cire riba ma hulɗa ce, har kuɗin da mutum ya kashe daga aljihunsa wajen kafa shi. Wa'adin miƙawa ga mafi yawa shi ne 15 ga Afrilu. Tarar rashin miƙawa a da dala 10,000 ce, amma gyaran dokar da aka yi a ƙarshen 2017 ya ɗaga ta zuwa dala 25,000. Abin lura shi ne, ana cin wannan tara ko da ba a bin kamfanin harajin ko sisi, domin laifin na rashin ba da rahoto ne. Dillalin da la'adarsa ta shekara ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ya dace ya auna wannan kafin ya sa hannu a takardar kafa kamfani.

Daɗin daɗawa, jihar da aka yi rajista tana da nata kuɗin shekara, akwai kuma ladan wakilin da doka ta ce kamfani ya ajiye a jihar domin karɓar takardu. Idan mai alhakin kamfani ya sake, ana sanar da IRS da fom 8822-B cikin kwana 60. Lambar ita kanta ba a soke ta, ba a kuma sake bai wa wani. Wanda ya daina sana'a sai ya rushe kamfanin a jiharsa, ya rubuta wa hukumar ta rufe asusunsa, in ba haka ba nauyin yana nan a wuyansa.

Sa'an nan kuma hakkin gida bai faɗi ba. Dokar Nijeriya tana ɗora wa mazaunin ƙasa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, kuma sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, sun riƙe wannan ƙa'ida. La'adar da Amurka ba ta taɓa ba, ƙasar da aka yi aikin a cikinta ce take da hakki a kanta.

7. Kammalawa

A taƙaice, kafin dillalin intanet ya nemi EIN, tambayoyi uku ne a gabansa. A ina yake yin aikinsa? Wane irin kuɗi ake biyansa, la'adar dillanci ko ladan mallakar fasaha? Yana da kamfani a Amurka, ko kuwa da sunansa yake sana'a? Wanda yake aiki daga gida da sunan kansa, galibi fom W-8BEN da lambar harajin ƙasarsa sun ishe shi. Wanda sana'arsa ta bunƙasa har ta bukaci kamfani da asusun banki a Amurka, ƙofa a buɗe take, lambar kuma kyauta ce, amma ya shiga da sanin cewa kowace shekara akwai takardun da za a jira daga gare shi. Wanda kuwa yake da ma'aikata ko kayan aiki a can, lamarinsa ya wuce cika fom, sai ya nemi akanta ko lauyan da ya san dokar ƙasashen biyu, domin matambayi ba ya ɓata.