'Yan Tawayen Zariya: Baƙin Da Suka Sāke Fuskar Zane A Nijeriya

Wannan ita ce laccar da aka gabatar a wani taron 'yan Arewa mazauna Kudu. An buga ta a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Laccar yau ta shafi waɗansu samari ne da suka yi zaman baƙunta a Zariya fiye da shekara sittin da suka wuce. Akasarinsu mutanen Kudu ne. Kamar yadda neman abin kai ya kawo Bahaushe Ikko ko Badun, haka neman ilmi ya kai su Arewa. A wannan baƙunta suka ɗauki wata shawara wadda ta sāke fuskar zane-zane a ƙasar nan baki ɗaya.

Kafin a zo kansu, ya kamata a san halin da suka tarar. A farkon ƙarni na 20 masu zane na Turai sun gaji da tsohuwar hanyarsu, watau kwaikwayon abu daidai yadda ido ke ganinsa. Suna cikin neman sabuwar hanya sai suka ci karo da sassaƙe-sassaƙen Afirka, waɗanda aka jibge a gidajen tarihinsu, har da kayan tagulla da sojan Ingila suka kwasa daga Binin a 1897. Picasso, mutumin Sifen mazaunin Faris, ya ga irin waɗannan fuskokin katako a 1907, daga nan salon zanensa ya juya. Watau kayan Afirka suna cikin abubuwan da suka buɗe wa Turawa ƙofar zanen zamani.

A nan gida kuwa hanya biyu ce a gaban mai koyo. Ta farko ita ce ta Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Faris, ya nuna cewa baƙin mutum yana iya zana hoto daidai da na kowane Bature. Ta biyu ta wani malami ce, Kenneth Murray, da ya zo daga Ingila a 1927, yana horon almajiransa su tsaya ga al'amuran ƙauye da sana'o'in kakanni. Mai bin ta farko yakan zama inuwar Bature. Mai bin ta biyu kuwa sai a tsare shi a jiya, alhali zamani riga ne.

A 1955 aka ɗauke sashen koyar da zane na Kwalejin Ilmin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kai shi Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, tsarin karatu kuma na Ingila ne. Ɗalibi yana koyon auna gaɓoɓin jiki da sarrafa haske da inuwa, amma fasahar ƙasarsa ba ta da wani gurbi na kirki a aji.

A 1958, saura shekara biyu a sami mulkin kai, waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe. Daga baya ne aka laƙaba musu sunan 'Yan Tawayen Zariya. Tawayen nasu babu jifa babu ƙone-ƙone. Suna shiga aji su koyi abin da malami ya koyar, su ci jarrabawa, sa'an nan su taru su yi muhawara a kan tambaya guda: idan Nijeriya ta sami 'yanci, wane irin zane ne zai zama nata?

Amsarsu ita ce aƙidar da Uche Okeke ya bayyana a 1960, watau haɗa na gida da na waje. A karɓi kayan aiki da dabarun Bature, gama ilmi ba shi da ƙabila, amma siffa da ma'ana su fito daga gida. Saboda haka kowa ya koma ya binciki gadon mutanensa, musamman lokacin hutu.

Shi Okeke a Kafanchan ya tashi. Ya koma ga uli, wani zane da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar yadda matan Hausa ke ƙunshi. Mahaifiyarsa ta san wannan sana'a. Abin da 'yan boko suka ɗauka adon mata ne kurum, shi ya mai da shi ginshiƙin aikinsa. Bayan yaƙin basasa ya koma Jami'ar Nsukka, inda uli ya zama tambarin makarantar.

Onobrakpeya ya ɗebo tatsuniyoyin mutanensa Urhobo, ya shahara wajen buga hoto da zanannen faranti. Yusuf Grillo, haifaffen Ikko, an san shi da launin shuɗi mai tuna wa mutum rinin adire na Yarabawa. Ya daɗe yana shugabancin sashen zane a Kwalejin Yaba, shi ne kuma shugaban farko na Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya a 1964. Demas Nwoko ya karkata ga gini. Ya yi amfani da jar ƙasa gauraye da siminti, ya tsara ɗaki yadda iska za ta ratsa shi ba tare da na'ura ba. Majami'ar Dominikan da ke Badun aikinsa ce, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin gine-gine na Banis a Italiya.

Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, ta watse a 1961. Amma a wannan shekarar aka buɗe Kulob ɗin Mbari a Badun, inda masu zane irin su Okeke da Nwoko suka haɗu da marubuta irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo. Ta haka aƙidar ta bazu daga zane zuwa wasan kwaikwayo da buga littattafai.

To, ina ruwan ɗan Arewa mazaunin Kudu da wannan labari? Lalle akwai. Waɗannan samari sai da suka yi nisa da gida sa'an nan suka ga darajar abin da suka baro. Arewa kuwa ba ta rasa irin wannan gado ba. Akwai zanen bangon soraye na Kano da Zazzau, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da aska takwas a wuyan riga, da zayyanar allo, da rinin Ƙofar Mata, da dukancin Sakkwato. Mafi yawansu ado ne na layi da kusurwa, babu siffar mai rai a ciki, don haka mai tsoron haddin addini ba shi da abin ƙyama. Ladi Kwali ta riga ta nuna hanya. Ta shiga makarantar tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja, a 1954, ta haɗa adon Gwari da sabuwar dabarar gasa yumɓu, har hotonta ya hau takardar naira 20.

Abin tsoro shi ne yaron da aka haifa a Sabo ko Agege ya girma bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ɗauka duk wani abu mai kyau daga waje yake zuwa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ya kamata iyaye su riƙa kai 'ya'yansu gida lokacin hutu, su zaunar da su wurin marina da magina da maɗinka. Yaron da aka ga hannunsa yana da baiwar zane kada a kore shi da sunan wasan banza, a nema masa makaranta. Masu hali kuma su sayi aikin hannun mutanensu da daraja, domin mai sana'a ba ya koya wa ɗansa abin da bai ci da shi ba.