JAWABI KAN CIWON ƘODA A TARON ƘUNGIYAR HAUSAWA MAZAUNA NGURU DA GASHUWA

 

Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma na yi jinyar ƙanena har Allah Ya karɓi abinSa, shi ya sa na roƙi a ba ni dama in faɗi abin da na koya a bakin likitoci.

Jama'a, duk naman da muka ci, ko wake, ko kifi, idan jiki ya ɗebi amfaninsa akwai dattin da ke saura, ana ce masa amoniya, kuma guba ne. Ku dubi hikimar Ubangiji. Kifin da ke cikin kogin Yobe zubar da shi yake yi kai tsaye cikin ruwa. Tsuntsu kuwa yana fitar da shi a matsayin farin nan da kuke gani a kashin kaza, don kada ya yi asarar ruwa. Mu 'yan Adam, hanta ce ke juya shi ya koma yuriya, sannan ƙoda ta tace jini ta fitar da shi ta fitsari. A kullum ƙoda biyu suna tace ruwa wajen lita 180, amma abin da ke fita bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. Sauran yana komawa jiki.

To, idan wannan rariya ta lalace, dattin ya taru a jini, sai kumburin ƙafa da fuska, amai, da kasala. Daga nan sai wankin ƙoda, sau 2 ko 3 a mako. Mun san yadda cutar nan ta yawaita a Gashuwa da Jakusko, har gwamnatin Yobe ta sa masana na Jami'ar Jiha da ke Damaturu su binciki dalili.

Kafin nan, ga namu aikin. Mu yawaita shan ruwa mai tsabta, musamman lokacin bazara, a kasuwa ko a fadama. Mu daina haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki barkatai da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Mai hawan jini da mai ciwon suga su riƙa zuwa awo, ga Asibitin Tarayya nan a Nguru. Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya yi nisa ake gane shi.

A ƙarshe ina ba da shawara ƙungiya ta buɗe asusun taimakon masu wankin ƙoda, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.