Gwajin Na'urar Sansano Gas: Jawabi ga Masu Shagunan Gas na Ƙofar Kibo



Gas na girki ya shigo birnin Zazzau, har ana ɗura shi a shago kamar yadda ake auna kananzir. Shi wannan gas ya fi iska nauyi. In tukunya ta yi yoyo ba ya tashi sama, sai ya kwanta ƙasa, ya bi kwata, ya taru a lungu. A cikin ganuwa kuwa, inda gidaje suke manne da juna, gobarar shago guda ta isa ta taɓa unguwa. Ran 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon ɗuri a Sabon Tasha, Kaduna, mutane suka halaka, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya.

Akan sa wa gas wani sinadari mai wari domin a ji shi, amma hancin wanda ya yini cikin shago yakan saba. Shi ya sa aka ƙera na'urar sansano gas. Irin wadda aka fi amfani da ita, a cikinta akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu kamar ƙwayar gero, lantarki na zafafa su. In gas ya shiga sai ya ƙone a jikin ɗayar, ba tare da harshen wuta ba, ta fi 'yar'uwarta zafi. Wannan bambanci shi na'urar ke nunawa da lamba. Gas na girki ba ya kamawa sai ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki. Wannan iyaka ita na'urar ta ɗauka a matsayin 100, galibi kuwa akan saita ta ta yi kuka tun a 10 ko 20, watau tun da sauran nisa.

To, amma fa na'ura tana ƙarya. Ƙurar hunturu takan toshe mata baki. Tururin silikon, irin na man goge mota, yakan kashe ƙwayar sannu a hankali. Abin tsoro shi ne ba ta nuna alamar ciwo: fitilarta na ci, lambarta na kan sifiri, alhali kuwa gas ya cika ɗakin. Wanda ya taɓa kai auduga awo ya san ba a yarda da sikeli sai an ɗora masa dutsen da aka san nauyinsa. Haka ita ma, dutsenta shi ne 'yar kwalbar gas ta gwaji, wadda aka rubuta ƙarfin gas ɗinta a jiki.

Ga yadda ake yi. Da fari a fita da ita fili inda iska ke da tsabta, nesa da tukwane da hayaƙin janareta, a kunna, a bar ta ta ɗumama, kāna a daidaita ta kan sifiri. Sa'an nan a sa mata hularta ta gwaji, a haɗa tiyo, a buɗe kwalbar. In an rubuta 50 a jikin kwalba, lalle ta nuna 50 bayan lambar ta tsaya cik. In ta nuna 35, a gyara ta. In ta ƙi kaiwa, ƙwayar ta mutu, sai a sake wata.

Akwai kuskure biyu da suka yi yawa. Na ɗaya, na'urar da aka daidaita da gas ɗin mitan takan rage lissafi in ta gamu da gas na girki; saboda haka mai shago ya nemi kwalbar furofen ko butan. Na biyu, wasu sukan fesa mata gas na laita don su ji ta yi kuka. Kukan za ta yi, amma bai nuna awonta daidai ne ba, yawan gas ɗin kuma yana iya nakasa ta.

Ta hannu akan shaƙa mata gas ɗin gwaji kowace safiya kafin aiki. Cikakken daidaitawa kuwa sai a bi wa'adin da maƙeranta suka rubuta, sau da yawa wata 6, a rubuta rana da lambar da ta nuna cikin littafi. Kwalbar ita ma tana da ranar ƙarewa, a duba. Wadda ake kafawa a bango kada ta wuce kamu ɗaya daga ƙasa, gama can gas ɗin yake kwanciya.