Jawabi Ga Iyaye Da Matasa: Hanyar Samun Gurbin Karatun Kasuwanci A Jami'a

 Mun san wasunku sun bar aikin gona, wasu sun rufe shago domin su zo, saboda haka ba za mu tsawaita ba.

Kowace shekara yara da yawa suna zuwa wurinmu suna cewa suna so su karanta harkar kasuwanci ko aikin akanta. Buri ne mai kyau. Amma mun ga yarinyar da mahaifiyarta ta sayar da buhun masara ta saya mata fom, ta kuma ci maki mai kyau, duk da haka ba ta sami gurbi ba, domin ba ta sa lissafi cikin darussan da ta rubuta ba. Shekara guda ta tafi a banza, kuɗi kuma ya tafi. Abin da ya tara mu ke nan, kada hakan ya sake faruwa a gidajenmu.

Na farko, sakamakon sakandare. Jami'a tana neman kiredit biyar daga WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu. Turanci da lissafi dole ne, yawancin jami'o'i kuma suna neman darasin tattalin arziki. Tun ran gini ran zane: yaron da ke aji huɗu na sakandare ya riƙe waɗannan uku tun yanzu. Wanda ya faɗi lissafi ya sake zama kafin ya sayi fom.

Na biyu, jarrabawar JAMB. An kafa hukumar a 1978, tun 2015 kuma da kwamfuta kowa ke rubutawa. Darussa huɗu ne, maki 400 gaba ɗaya. Mai neman kasuwanci yakan ɗauki Turanci, lissafi, tattalin arziki, da wani guda da ya dace. Kada ku bar mai shagon intanet ya zaɓa muku. Ku duba littafin jagora na JAMB, domin kowace jami'a tana da nata sharaɗi. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba a nema masa inda zai gwada hannu kafin ranar.

Na uku, suna. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN. Ku tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da takardar sakandare da fom. Harafi ɗaya yana iya jawo wahalar watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi ma a adana shi.

Na huɗu, zaɓen makaranta. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe haka: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Ashe ke nan ɗan Filato da ya zaɓi Jami'ar Jos, ko ɗan Kaduna da ya zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana da ƙofa fiye da ɗaya. Ku kuma sani, mafi ƙarancin makin da ake sanarwa ba ya ba yaro gurbi, domin masu neman akanta da kasuwanci suna da yawa. Bayan haka akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta.

Na biyar, tun 2017 ana ba da gurbi ne ta tsarin CAPS na JAMB. Yaro ya ɗora sakamakon sakandarensa a can, ya riƙa dubawa, in gurbi ya fito ya karɓa da wuri. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai nema muku gurbi ta bayan fage, ku guje shi. Gurbin da ba ya cikin CAPS hukuma ba ta san da shi ba, kuma yakan hana yaro tafiya bautar ƙasa.

Wanda bai samu ba bana kada ya yanke ƙauna. Da difloma daga kwalejin fasaha, ko NCE, ko IJMB, ana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, in sakamakon ya yi kyau. Game da kuɗin makaranta kuwa, a 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun NELFUND, mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa. Bashi ne dai, za a biya.

Iyaye, roƙonmu ɗaya ne: kafin ku ba da ko sisi, ku zauna da yaron da wani malami ku bi waɗannan abubuwa biyar ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'ya mata ma a ba su wannan dama daidai da maza.