Ranar da Aka Buɗe Majami'ar Baitalami

Mukan ce Turawa baki kawai gare su a rikicin Isra'ila da Falasɗinawa. To, mu tuna 2002. Kwana 39 sojojin Isra'ila suna kewaye da majami'ar da ke wurin haihuwar Ubangijinmu a Baitalami, Falasɗinawa masu bindiga suna ciki tare da limamai da talakawa. Har mai kaɗa ƙararrawa aka harbe.

Sulhu ya cije a kan mutum 13 da Isra'ila ke nema: wa zai karɓe su? Tarayyar Turai ta ce a kawo. Ranar 10 ga Mayu aka kwashe su zuwa Kubrus, tsibirin Barnaba, daga can aka rarraba yawancinsu a ƙasashe irin su Sifen, Italiya da Girka. Wasu 26 aka kai Gaza.