Jawabi a Kan Malamin da Ya Aurar da Magarya



Kowane ma'aikaci da ya taɓa fita rangadi da bazara ya san fako, watau ƙasar nan da ta taurare har ruwan sama ya kan zuba a kanta ya wuce bai shiga ba. Mai gona ya kan bar ta, makiyayi ma ba ya waiwayarta. To, wannan jawabi labarin wani malami ne da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen neman abinci a irin wannan ƙasa. Sunansa Dov Pasternak, mutumin Isra'ila, shehun malami a ilmin lambu.

Ya yi wajen shekara 30 yana koyarwa da bincike a Jami'ar Ben-Gurion, a birnin Beersheba, bakin hamadar Negev. Can ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, na ƙarƙashin ƙasa kuwa da yawansa zartsi ne. Tun a 1965 aka kafa kamfanin Netafim a wani ƙauye na wannan yanki don ƙera kayan ban ruwa na ɗigo-ɗigo, watau siraran mesa masu ƙananan huji da ke kai ruwa gindin kowace shuka. Malamin nan da abokan aikinsa suka duƙufa kan yin lambu da ruwan zartsi ta wannan hanya. Dalilin da ya sa abin ya kan yiwu shi ne, ɗigon da ba ya yankewa ya kan tura gishiri gefe, ya bar saiwa cikin danshi. 'Ya'yan tumatir su kan rage girma, amma zaƙinsu ya ƙaru.

Da wani ne, da ya zauna ya ci gajiyar sunan da ya yi. Shi kuwa a 2001 sai ya tashi ya koma ƙasar Nijar, ya kama aiki a tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kilomita 40 da 'yan kai kudu da Yamai. Wannan hukuma an kafa ta a Indiya a 1972 don kyautata noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ya yi kimanin shekara 10 a Sadore. Abin da ya tarar shi ne talaka ya dogara ga gero da damina guda. In damina ta yi gardama, sai yunwa. Ya ga cewa lambu da itatuwan marmari su ne za su ba manomi kuɗi a hannu cikin watannin rani.

Aikinsa na farko shi ne ya sauƙaƙa ban ruwan ɗigo-ɗigo, ya dace da ƙarfin talaka. Aka ɗora tanki bisa dakali, tsawonsa daga ƙasa kamar mita guda, nauyin ruwan kansa ya riƙa tura shi cikin mesa, ba sai da injin matsa ruwa ba. Mai lambu ya huta da jigilar guga daga kunya zuwa kunya, ruwa kuma bai ɓaci a banza ba.

Na biyu shi ne magarya. Kowa ya san ta, ba ta gudun fari, amma 'ya'yanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka. A Indiya kuwa an daɗe da zaɓen wasu iri masu manyan 'ya'ya, kamar wanda a ke kira Gola. Sai aka riƙa yanko reshensu a na aurar da shi ga gindin magaryar gida, yadda a ke yi wa mangwaro. Gindi ya kawo jimiri, reshe ya kawo tsoka. Wannan ita ce a ke kira da Faransanci Pomme du Sahel, watau tuffar Sahel.

Na uku shi ne raya fako, kuma a nan ne hikimarsa ta fi bayyana. Ya lura mata da yawa ba su da gonar kansu, ga kuwa ƙasa a yashe wadda ba mai so. Aka nemi dagatai su ba ƙungiyoyin mata wannan fako. Mata suka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, da ƙananan ramuka da a ke kira tassa, suka zuba taki. Suka dasa magarya mai aure da zogale, a tsakani suka shuka kuɓewa da yakuwa da tafasa. Ƙasar da a dā ko ciyawa ba ta fitarwa ta ba da kayan miya, ta ba da na kai wa kasuwa.

Malam Pasternak ya rasu a 2018. Abin lura ga ma'aikaci cikin tarihinsa shi ne, bai raba koyarwa da bincike da yawon wayar da kan manoma ba. Abin da ya gwada a tasha sai ya kai shi ƙauye, abin da ya ƙi a ƙauye sai ya komo da shi tasha a gyara. Bai kuwa raina magarya da tafasa don a gida a ke samunsu ba.

Saboda haka malamin gona da ya cika takardun ofis, amma manomi bai san fuskarsa ba, aikinsa da saura. Hakimi ko dagacin da ya ba mata fako, wajibi ne ya tsaya a rubuta sharaɗi a gaban shaidu, domin ƙasa in ta farfaɗo masu cewa ta kakansu ce ba su wuyar samuwa. In aka ƙwace wa mace gonar da ta raya da guminta, ba wadda za ta sake ɗaukar fartanya ta nufi fako.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa damina mai albarka, amin.