Gyaran Addini da Rabuwar Kai: Tunatarwa ga 'Yan Ɗariƙa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan'uwa a Darini, ƙasar Batsari da Safana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya shehunnai, muƙaddamai da muridai, babu wata al'umma da za ta daɗe a bayan ƙasa ba ta buƙaci gyara ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi bushara da mai jaddada addini a kan kowace shekara ɗari. Abin tsoro shi ne gyaran ya rikiɗe ya zama kafirta juna, har a wayi gari an yi gyaran gangar auzinawa.

Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, Baƙadire ne, kuma shi ya wallafa Ihya'us Sunna domin raya sunna da kashe bidi'a. Duk da haka, ya yi raddi mai yawa ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya jero hujjojin ilmin tauhidi ba. Har malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, sai da ya saɓa masa a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai daina girmama shi da yi masa addu'a ba. Wannan ita ce tarbiyyar magabata: a yaƙi ɓarna, a tsare mutuncin Musulmi.

Adalci ne 'yan ɗariƙa su fara duba tarihin gidansu. A 1949 an rushe wasu masallatan Tijjanawa a lardin Sakkwato, a 1956 kuma rikici ya ɓarke tsakanin Ƙadirawa da Tijjanawa a lardin. An daɗe ana jayayya a kan ƙabalu da sadalu, har wani ya ƙi bin wani salla, alhali mas'ala ce da malaman fiƙihu suka yalwata a cikinta. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, sai almajiran Shehu Nasiru Kabara da na Shehu Ibrahim Inyass suka ga cewa abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su, suka tsaya sahu ɗaya. Ita ma Izalar daga baya ta dare biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna. Ashe cutar rabuwa ba ta san gidan kowa ba.

Ko a wajen Musulunci haka lamarin yake. A 1517 wani malamin coci a Jamus mai suna Martin Luta ya fito yana sukar yadda ake karɓar kuɗi da sunan yafe zunubi. Kiran gyara ne ya fara, amma sarakuna suka shigar da buƙatunsu, Kiristocin Turai suka rabu zuwa Katolika da Furotesta. Daga 1618 zuwa 1648 sun shekara 30 suna yaƙi, miliyoyin rayuka suka salwanta. Sai a 1999 wakilan Katolika da na mabiya Luta suka rattaba hannu a birnin Ogsbug a kan matsaya ɗaya game da babbar mas'alar da ta raba su. Ɓarakar da harshe ya yi a rana ɗaya, jikokin jikoki ne ke ɗinke ta.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin tsadar rabuwa. Ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ta sha azabar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. Maharan ba su tambayi kowa ko yana wazifa ko ba ya yi ba. Marayun da aka bari kuwa ba su da ƙungiya, sai yunwa da buƙatar karatu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka nauyi uku ya hau kan mahalarta wannan taro. Na farko, muƙaddami ya karantar da muridi Ahalari da Ishmawi da Risala tare da wuridi, domin ɗariƙa ba ta tsayuwa sai a kan shari'a, kuma wanda ya gyara gidansa ya rage wa mai suka abin faɗa. Na biyu, matasa su kame harsunansu da wayoyinsu daga yaɗa zagin malamai, ko na wane ɓangare ne, su bar raddi ga ma'abota ilmi. Na uku, jana'iza da gaishe da mara lafiya da ciyar da 'yan gudun hijira haƙƙi ne na kowane Musulmi, ba a tambayar masallacin da yake salla kafin a sauke shi.

Allah Ya haɗa zukatan Musulmi a kan gaskiya, Ya jiƙan shehunnan da suka rigaya, Ya zaunar da ƙasar Katsina da Nijeriya lafiya, albarkacin Annabin rahama (SAW). Amin.